Koriyar Ƙofa

Glenda na tsaye a bakin ƙofa, hannu a sama, lokacin da taraktar Kiro ta wuce ta da lodin itace. Ba wai bai gan ta ba ne. Layin nasu ƙunci gare shi, rigar sanyin da ke jikinta kuma ja ce jawur. Ya dai kafe ido a kan hanya, taba a baki, ya bar ta da hayaƙi da taɓo a takalmi.

"Kiro! Kiro, namu ne fa!"

Taraktar ta sha kwana ta bayan coci ta ɓace. Itacen da suka yi maganarsa da shi tun watan Satumba ke nan, wanda zai fitar da su hunturu, ya kama hanyar gidan wani.

Ta juyo tana huci, sai idonta ya faɗa kan ƙofar gidansu. Koriya shar, sabon fenti, fes. Shekaranjiya Asabar, ranar da mutanen ƙauyen ke tunawa da mamatansu, maƙwabciyarsu Inna Donka ta tsallako layi ta manna takardar tunawa da marigayi ɗanta Milko a nan, kamar yadda take yi kowace shekara: farar takarda mai baƙin gefe, da hoton Milko yana murmushi, da yawan shekarun da ya yi a ƙarƙashin ƙasa. Yanzu ba abin da ya saura sai shatin gam.

"Desmond!"

Mijinta ya fito daga rumfar kaya yana goge hannu da tsumma, fuskar nan a murtuke tun kafin ya ji laifinsa.

"Ina takardar?"

"Wace takarda?"

"Kada ka raina mini hankali. Ina hoton Milko?"

"Yana kwandon shara." Ya ninke tsumman gida huɗu. "Kwana uku na yi ina fentin ƙofar nan, Glenda. Ko bushewa bai gama yi ba tsohuwa ta zo ta liƙa mini mamaci a kai."

"Yaushe ka cire?"

"Jiya da rana."

"Tana kallo?"

"Ita ta sani. Ban da leƙen gidan mutane wane aiki gare ta?"

"To sannu da ƙoƙari, Yallaɓai. Ka ga taraktar da ta wuce? Itacenmu ne a kai. Kiro mijin 'yarta ne, ko shi ma ka kankare shi daga kanka?"

"Sai mu saya wajen wani."

"Wajen wa? Kana da wani Kiron ne a aljihu?"

"Kin manta abin da baƙuwar nan ta watan Agusta ta rubuta a intanet? Wai gida mai kyau, amma ƙofar kamar ta maƙabarta. Gidana ne. Takardunsa na sama a cikin akwati, da sunana a jiki, kuma babu inda aka rubuta cewa da gawa na saye shi."

Shekara ashirin da takwas Desmond ya yi yana aikin gandiroba a birnin Hull na Ingila, kuma har gobe gani yake duk takardar da aka manna a bango ba da izininsa ba laifi ce. Ya koma rumfarsa ya ja ƙyaure.

Shekararsu uku ke nan a Radesh, cikin tsaunukan Bulgeriya, suna riƙe da gidan saukar baƙi mai ɗaki huɗu. Da bazara abin gwanin daɗi: masu yawon tsauni da masu leƙen tsuntsaye su cika gida, su ci, su yaba, su ce da ma su ne. Ba wanda ke zuwa a watan Nuwamba ya ga ragowar labarin. Ganye ya zube, hazo ya sauko har tsakar gida, sauran 'yan Ingila da ke ƙauyen sama su kulle gidajensu su gudu. Bara itace ya ƙare musu a tsakiyar Janairu, bututun ruwa suka fashe, suka yi sati biyar suna kwana a kicin da takalma a ƙafa. A lokacin ne Desmond ya rantse: in aka sake maimaita wannan, zai sayar da gidan su koma ɗakin baya na yayarsa Beryl a Hull.

Glenda kuwa ta gwammace komai da Hull. A can ta binne ɗansu Darren, shekara shida da suka wuce, bayan babur ya kayar da shi a hanyar aiki. A can ne ƙawayenta ke tsallake titi in sun hango ta don kada a yi zancen. A can ne kuma Desmond ya sauke hotunan yaron daga bango kwana uku bayan jana'iza, sunansa ma ya zama abin da ba a faɗa a gidan. A nan aƙalla tana da lambunta da kajinta, tana kuma ganin mata suna zuwa maƙabarta da burodi suna hira da mamatansu da babbar murya, ba mai ce musu mahaukata. Tsoron barin wurin nan ya fi ƙarfin tsoron sanyi a ranta.

Yau Litinin. Rediyo ta ce ranar Alhamis dusar ƙanƙara za ta sauko, kuma in ta sauko, tarakta ba ta sake hawa tudunsu sai watan Maris.

Ta ɗauki jaka ta gangara kantin Ginka, kanti ɗaya tilo a ƙauyen. Tsofaffi uku na zaune a teburinsu na kullum kusa da murhu, da ƙananan kofuna a gabansu. Tana shiga hira ta mutu. Ta yi gaisuwa, ko tari ba wanda ya yi.

"Burodi biyu, Ginka."

"Ya ƙare."

"Ga shi can a bayanki."

Ginka ba ta ko waiwaya ba. "Wannan da masu shi."

Ginkar nan ce fa ta koya mata yaren, kalma bayan kalma, a kan wannan kantar, tana dariyar yadda take lanƙwasa harshe. Yau ta zame mata dutse. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya ce da na kusa da shi, da ƙarfin da zai isa ko'ina, "Tambaye ta mana, ko su a ƙasarsu a shara suke zuba nasu."

"Ai ba sa mutuwa," in ji ɗayan. "Nan suke zuwa su fente ƙofa."

Suka yi 'yar dariya mara daɗi. Glenda ta so a ce ba ta jin yaren.

"Ginka, don Allah. Ban san ya yi ba sai yau da safe."

"Ba ni za ki ba haƙuri ba. Kin san gidan."

Ta koma lambunta ta yanko furannin ƙarshe da sanyi bai kashe ba, rawaye masu kauri. Ta ƙirga dozin guda cif, kamar yadda ake yi a Ingila in za a je ban haƙuri, ta ɗaure su da zare mai kyau, ta tsallaka layi.

Inna Donka na tsakar gida tana cusa kabeji cikin ganga tana barbaɗa gishiri, tanadin hunturu. Shekararta saba'in da tara, gajeriya, baƙin ɗankwali ɗaure a haɓa. Ba ta ce a zauna ba. Glenda ta miƙa furannin da hannu biyu. Tsohuwar ta goge hannu a zanen gabanta, ta sa yatsa tana taɓa kan kowane fure, leɓenta na motsi.

"Sha biyu," ta ce. Ta ɗago ido. "Jiya kun jefa ɗana a shara, yau kin zo binne ni?"

Sai a lokacin Glenda ta tuna. An taɓa gaya mata: a nan fure bibbiyu na matattu ne, mai rai sai an ba shi da ɗaya a kai, uku ko biyar ko bakwai. Ta kai hannu da sauri za ta zare ɗaya.

"Bar shi!" Tsohuwar ta fizge damin ta wurga a kan benci. "Shekara uku kina cin tumatir ɗina, ko ƙirga fure ba ki iya ba."

"Inna, ki yi haƙuri. Mijina bai san nauyin abin ba."

"Ya sani. Ya kalle ni, na kalle shi, sannan ya sa ƙarfe a fuskar yaron." Ta nuna gidan su Glenda da haɓa. "Ɗakin can na kusurwa, inda kuke kwantar da masu kallon tsuntsaye, a nan na haife shi. Bishiya ta faɗo masa a daji, ta wannan ƙofar aka fitar da shi. Matarsa ta sayar muku da gidan tana zaune a ƙasar Sifen, ko tambayata ba ta yi ba. Na ce ku fita? Na ce ku ba ni ko ƙwai ɗaya? Wuri kamar tafin hannu na nema a jikin ƙofa."

Glenda ta sunkuyar da kai. Amma Alhamis na tafe, dole ta faɗa. "Inna, sun ce ƙanƙara za ta sauko, kuma Kiro..."

"Au! Ashe itace ne ya kawo ki. Na ɗauka kunya ce."

"Duka biyun ne."

Tsohuwar ta ja tsaki ta koma kan kabejinta. "Ba laifinku ba ne. Da kun taɓa binne ɗa, da ba sai an yi muku bayani ba."

"Na binne."

Maganar ta fito ne ba tare da Glenda ta shirya ba. Shekara uku ba wanda ya ji wannan a Radesh. Ta ɗauka tsohuwar za ta sassauta. Ina! Inna Donka ta miƙe tsaye, ta kalle ta daga sama har ƙasa.

"Ƙarya kike yi."

"Sunansa Darren. Shekararsa ashirin da shida."

"Ina takardarsa? Ina hotonsa? Sau nawa na shiga gidanku, bango fayau kamar na asibiti. Wace irin uwa ce za ta binne ɗa ta ɓoye shi kamar kayan sata?"

Glenda ta ji tsanar matar nan har cikin haƙoranta, kuma ta san gaskiya ta faɗa.

Tsohuwar ta shiga ɗaki ta fito da sabuwar takardar Milko, don da yawa take bugowa a gari kowace shekara. Ta miƙa mata. "Hannun da ya cire shi ne zai mayar. Ba naki ba, nasa. Ina nan zaune a bakin ƙofata, zan gani."

A kicin ta tarar da Desmond yana shan shayi a tsaye. Ta ajiye takardar a tebur ta gaya masa sharaɗin. Ya saurara har ƙarshe, kamar yadda ya saba sauraron ƙorafin fursuna.

"Ni? In je in yi wa tsohuwa biyayya ƙauye na kallo?"

"Minti biyu ne, Desmond."

"Ko daƙiƙa ɗaya. Yau takarda, gobe kuma su kawo gawar ma mu ajiye a falo." Ya kurɓi shayi. "Na kira Beryl. Ta ce ɗakin yana nan."

"Ka kira Beryl."

"Dole mutum ya yi shiri."

"Shiri! Da ma abin da kake so ke nan. Ka rasa yadda za ka fitar da ni daga gidan nan, sai ka sa sanyi ya yi maka aikin."

"Ke kika nace mu zo tsakiyar daji mu riƙa wanke zanin gadon baƙi. Ni ban taɓa cewa ina son zama da mutanen da ke ƙawata ƙofa da matattu ba."

"Ba fenti ne ya dame ka ba. Ba kuma baƙuwar Agusta ba ce. Kullum ka fita ka ga fuskar ɗan wani a ƙofa, shi ne..."

"Kada ki soma."

"Shekara shida..."

"Glenda, na ce kada ki soma!" Ya dire kofin har shayi ya fallatsa. Ya fice, ƙyauren baya ya bugu.

Ta daɗe a tsaye tana kallon shayin yana bin gefen tebur yana ɗiga. Sannan ta hau sama. A cikin akwatin ɗinkinta, ƙarƙashin ƙyallaye, akwai hoto ɗaya da ya tsira daga hannun Desmond: Darren a bakin teku, iska ta hargitsa masa gashi, kunnuwansa sun fito waje. Ta samo farar takarda, ta ajiye ta Milko a gefe tana kwaikwaya. Ta ja baƙin layi a gefuna huɗu, ta liƙa hoton a sama, ta rubuta sunan da manyan baƙaƙe, a ƙasa ta sa: shekara shida. Layin ƙasa ya ɗan gauce. Ta sauko ta dama fulawa da ruwan zafi ta yi gam, irin yadda ta ga matan ƙauyen na yi.

Da la'asar ta fita. Inna Donka na kan bencinta a tsallaken layi, hannuwa a kan sanda. Labari ya riga ya zaga, don tsofaffin nan uku sun baro murhun Ginka sun jingina da katangar coci kamar hanya ce ta biyo da su. Glenda ta ajiye takardar Milko a kan katanga ta danne da dutse. Ta shafa gam a koren fentin nan, ta manna ta Darren.

Desmond ya hango ta ta taga. Bayanta kawai ya gani da farar takarda. Ya fito da ƙarfen kankare fenti a hannu, yana taku irin na mai zuwa kashe rigima.

"Na gaya miki ba za a sake manna mini..."

Ta matsa gefe.

Sai ya ga hoton Darren ne. Ya tsaya taku biyu daga ƙofar, ƙarfen a ɗage. Jini ya taru a wuyansa, sannan ya janye ya bar shi fari fat.

"Cire," ta ce. "Ai gidanka ne. Takardun na sama a cikin akwati."

"Ba ki da imani."

"Cire mana. Ga ƙarfe a hannunka, ga kwandon shara can."

"A gaban mutanen nan? Kin fito da shi titi a gaban mutanen nan?" Muryarsa ta dusashe. "Wallahi ba zan yafe miki wannan ba, Glenda."

"Na sani."

Iska ta taso daga kwari ta ɗaga kusurwar takardar inda gam bai kama ba, tana karkaɗa ta. Desmond ya matso. Glenda ta san shi, zai iya kankare ta. Ya kai ƙarfen, ya kwantar da shi da faɗinsa, ya danne kusurwar. Ya bi gefen a hankali har ƙasa, yana fitar da iskar da ta shiga ƙarƙashi.

"A karkace kika manna," ya ce, bai dube ta ba. "Kuma duk hotunan duniya sai wannan? Darren ya tsani hoton nan. Cewa yake kunnuwansa sun yi kamar mariƙin kofi."

Shekara shida rabon da ta ji sunan a bakinsa. Ta ɗage dutsen, ta miƙa masa takardar Milko.

Ya kalli takardar kamar zai tofa mata yawu. Ya karɓa. Ya shafa gam, ya auna tazarar da babban yatsa, ya manna ta daidai da ta ɗansa, kai da kai, aikin mutumin da ya shekara ashirin da takwas yana manna sanarwa a bango. Ko sau ɗaya bai waiwayi tsallaken layi ba. Ya jefa ƙarfen cikin kwanon gam, ya shige gida.

Inna Donka ta miƙe da kyar ta tsallako, damin furannin nan a hammata. Ta duba ta Milko da kyau, ta gwada gefunan da farce. Sannan ta matsa ta tsaya gaban ɗayar, ta daɗe.

"Siriri ne," ta ce. "Ba kya ba shi abinci ne?"

"Yana ci. Ba ya ƙiba ne."

"Haka nawa ma." Ta kwance zaren, ta raba furannin shida da shida, ta ajiye a gindin ƙofa, kowane kaso a ƙarƙashin mai shi. Ta miƙe tana riƙe ƙugu. "Itace zai zo da safe. Kada ki ɗauka don ku ne. Gidan ɗana ne, ba na son sanyi ya tsaga masa bango."

"Na gode, Inna."

"Riƙe godiyarki. Ki gaya wa mijinki kada ya gaishe ni a hanya, ba zan amsa ba."

Ta juya ta koma. Tsofaffin ma suka saki katangar coci suka gangara, ba wanda ya ce mata sai da safe. Glenda ta saura ita kaɗai a layin, ita da samari biyu a jikin koriyar ƙofa. Sanyi ya fara cin yatsunta, amma ba ta yi marmarin shiga ba, don ta san irin shirun da ke jiran ta a ciki, kuma ba na kwana ɗaya ba ne.

Can daga rumfar kaya ta ji ƙarar dutse a kan ƙarfe, a hankali, ba tsayawa. Desmond ne yake wasa gatari don faskaren itacen gobe.